Karsanar da Muka Ɗaura wa Malam Hamma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Muhammadu Lawal, wakilin mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, arɗaɗɗan da suka baro rugagensu tun da sanyin safiya, ma'aikatan lafiya abokan tafiyarmu, 'yan'uwana mata, jama'ar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Tasalla, tsohuwar malamar firamare, kuma ma'ajin ƙungiyar Mu Zauna Tare, wadda ta cika shekara biyar a wannan wata. Ina godiya ga Allah da ya ara mana rai, ina godiya gare ku da kuka bar kasuwa da gona kuka zo. Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan sa-kai ne, ba mu kai ashirin ba, ba mai albashi a cikinmu. Aikinmu shi ne mu nemi wanda damuwa ta danne, wanda barci ya ƙaurace wa, wanda ya rufe ɗaki ya daina amsa sallama, mu zauna da shi, mu saurare shi, mu raka shi wurin likita, mu riƙe sirrinsa.

An ce in yi bayanin dukiyar ƙungiya, kuma zan yi shi a kan abu uku: inda take fitowa, inda take tafiya, da inda take a yanzu.

Na farko, inda take fitowa. Kowane ɗan ƙungiya yana ba da naira dubu a wata, wanda bai samu ba ya kawo uzuri, kuma uzurin nan na karɓe shi har na ƙoshi. Matanmu na Roni suna tuyar ƙuli-ƙuli, ribar man gyaɗar ta shigo asusu. In kaka ta yi, manoma kan aiko mana da dami ɗaya ko biyu na gero, wasu ma ba sa bari a faɗi sunansu. Ba mu da uban gida a Abuja, ba mu da baƙo daga ƙasar waje. Da ruwan ciki muke jan na rijiya.

Na biyu, inda take tafiya. Kaso mafi tsoka magani ke cinyewa, domin maganin irin wannan ciwo ba na kwana uku ba ne, kuma wanda ya yanke shi a tsakiya yakan koma gidan jiya. Sai man babur. Shugabanmu Ɗan'azumi ɗan achaɓa ne, kun san shi, kuma babur ɗinsa ya san hanyar rugagen Gwiwa fiye da yadda ya san tashar Roni. Sauran kuwa katin waya ne, saboda akwai wanda abin da yake bukata kawai shi ne a kira shi a ce yaya ka tashi. Lissafin duka yana manne a bakin ƙofa, wanda ya ga kuskure ya zo ya kama ni, ina nan ban gudu ba.

Na uku, inda dukiyar take a yanzu. Jama'a, ku leƙa ta tagar nan ta gabas. Farar saniyar nan da ke ɗaure a gindin darbejiya tana tuƙa, ita ce asusunmu. Ni dai ban taɓa jin ma'ajin da ake yi wa asusunsa yankan ciyawa ba sai ni. Ga yadda aka yi, kuma da izinin mai labarin nake ba da shi, yana zaune a cikinku.

A shekararmu ta biyu mun tara ɗan abin da muka tara, da nufin mu kama shago a Kazaure, mu kafa allo, mu sa benci, mu ma a ce muna da ofis. Har mun fara gardamar launin fenti. Ana cikin haka aka kawo mana labarin Malam Hamma, makiyayi a ƙasar Gwiwa. Cutar huhu ta shiga garkensa, damina ɗaya ta share abin da ya gada tun daga kakanni. Ranar da ta ƙarshe ta faɗi, ya rataye sandarsa, ya shiga bukka, ya juya fuska ga zana. Ya bar magana, ya bar cin abinci sai an matsa. 'Yan'uwansa suka yi rubutu, suka yi hayaƙi, suka gaji. Ba mugunta ce da su ba, dabara ce ta ƙare musu, har suka yanke shawarar in an gama girbi bai dawo daidai ba, za su kai shi inda ake sa wa mutane mari a ƙafa.

Ɗan'azumi ya roƙe su su bar mana shi zuwa girbin. Ya goya shi a babur, da ɗan'uwansa a baya yana tallafe da shi, aka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana da magani. Aka fara. Barci ya dawo, ya soma karɓar fura, amma bakin nan bai buɗe ba, ƙafar nan ba ta taka waje ba. Likita ya gaya mana cewa magani yana aikinsa, kada a daina, sai dai mutum yana bukatar abin da zai tashe shi da safe. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai, wa'adi yana matsowa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matarsa Shatu ta riƙe hannuna a bayan bukka ta ce, “Hajiya, mutumin nan tun yana yaro gari bai taɓa waye masa ba tare da wani abu mai rai yana jiran sa ba. Yanzu ba abin da ke jiran sa.” Sai ta ba ni labarin wata al'ada tasu da suke kira habbanaye. Idan ɗan'uwa ya rasa dabbobinsa, sai a ɗaura masa karsana aro. Ya kiwata ta, ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, daga baya ya mayar da uwar ga mai ita. Ta ce da can dangi ne ke yi, amma cutar ba ta bar wa kowa abin ɗaurawa ba, wanda ke da saura kuma ba zai ba mutumin da ake cewa ya zautu ba.

Muka kai magana gaban 'yan ƙungiya. An yi muhawara mai zafi, kuma masu ja da baya suna da hujja: idan ta mutu fa, idan aka sayar fa, idan bai ko dube ta ba fa? Guminmu na shekara biyu ke nan a kan ƙafa huɗu. Aka ɗaga hannu, karsana ta kayar da ofis. Ni na ƙirga kuɗin da hannuna a kara, kasuwar shanu.

Aka kai ta da hantsi. Shatu ta karɓi igiya, ta wuce inuwa, ta ɗaure ta a tsakiyar rana daidai ƙofar bukkarsa, ta ce kada wanda ya ba ta ruwa. Karsana ta yi ta kuka. Azahar ta yi, Ɗan'azumi ya kasa daurewa ya ɗauki bokiti, Shatu ta tare shi ta ce, “Malam, don Allah ajiye. In ka shayar da ita yau, kai za ka yi ta shayar da ita har abada, shi ba zai fito ba.” Muka zauna jugum, ni ina kallon dabba, ina kallon asusu, ina salati. Na ce a raina in la'asar ta wuce, ni da kaina zan kwance ta.

Ba a kai la'asar ba asabari ya motsa. Mutumin da ya yi watanni bai ga rana ba ya fito yana dafa zana, ya tsaya yana kallon ta. Sai muka ji murya a dishe tana cewa, “Wane marar tausayi ne ya ɗaure dabba a rana haka?” Ya kwance ta, ya ja ta zuwa inuwa, ya ce a miƙo masa guga.

Jama'a, na yi shekara talatin ina koyarwa, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin ikon Allah ƙuru-ƙuru kamar na wannan yini ba. Na yi kuka ban ji kunya ba. Faɗa ya fito yi, amma mu faɗan nan ya fi mana kirari daɗi.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. An sha faɗi-tashi, akwai makon da ya koma ɗaki, kuma har gobe yana shan maganinsa yana ganin likita. Amma girbi ya zo ya wuce, ba wanda ya sake ta da zancen mari. Saniya ta haihu sau biyu a hannunsa, mace da namiji.

Jiya da yamma ya iso Kazaure da ƙafa, yana jaye da ita. Ya damƙa mini igiya ya ce ga amana ta dawo gida. Na duba bayansa sai na ga 'yar karsana, wato 'yar farin, wadda al'ada ta ce halalinsa ce. Na ce masa, Malam Hamma, wannan ai taka ce. Ya ce, “Tawa ce, Hajiya, shi ya sa nake da ikon ɗaura ta. Na ji akwai wani a ƙasar Babura da ya juya fuska ga zana. Ku kai ni, ni zan zauna da shi. Na san hanyar ɗakin nan, na kuma san hanyar fita.”

To, ranka ya daɗe, shugaban taro, wannan shi ne rahoton ma'aji. Mun ba da ɗaya, yau muna da biyu da za a ɗaura, kuma wanda aka goya a babur a wancan lokaci shi ne sabon ɗan sa-kai. Roƙona gare ku kaɗan ne. Mai dami ya kawo dami, mai akuya ya ɗaura akuya, wanda ba shi da ko ɗaya ya ba da zama da kunne. Wanda kuma yake da mai irin wannan lalura a gida, kada ya ɓoye shi, kada ya ɗaure shi, ya kira mu mu raka shi asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya yaye wa kowace zuciya ƙuncin da ba ta iya faɗa. Allah ya albarkaci garke da gona, ya saka wa Shatu da alheri, ya kai Malam Hamma Babura lafiya, ya sa a ɗaga masa asabari. Allah ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.