Gudumar Kawu Arzika

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Ɗan Kassari.

Kawuna Arzika, Allah ya jiƙan shi, tsohon soja ne mai gyaran komi, daga rediyo har amalanke. In ka zo aron guduma sai ya ce, "Soja bai ba da aron bindiga," ya bi ka gida ya yi maka aikin kyauta.

Ana zaman makokinshi akwatin kayan aikinshi ya ɓace. Jiya na ga gudumar, mai jan fenti a ƙota, hannun maƙwabcinmu. Wai marigayi ya ara mashi!

In kai ƙara ga maigari, ko in yi shiru? Na san maƙwabcin shina saurare, da rediyon da Kawu ya gyara mashi.