Bakaniken da Muka Hana Sauka daga Dutse

Shugaban unguwa, shugaban ƙungiyarmu ta direbobin kabeji, matar Yaya, Ok Sun-rye, da 'yarsu Hye-rin da ta taso daga Busan, barkanku da zuwa. Ni ne Bong Tae-sik, direba. Yau kwana arba'in da tara da rasuwar Yaya Maeng Gil-ho.

Ya kasance mai haƙar kwal kafin a rufe ramin Taebaek. Jama'a suka watse, shi ya zauna da ƙura a huhu, ya buɗe gareji. Mu ma ba inda za mu: motocinmu sun tsufa, birni ba ya karɓarsu, kabeji kuma sai an sauko da shi daga dutse.

Ya kasance mai kunnen jin ciwon inji. Shekarar da inji ya karye wa uku cikinmu a gangare, shi ya gano dalili. Fulin da ke gaban inji, wato faifan ƙarfe mai shanye girgiza, robar cikinsa ta bushe. Ya samo sabon iri mai ruwan mai a ciki, yana gyara shi da hannu har ya zauna wa tsohon inji. Ya kan ɗora kofin shayi a kan mota don ya ga girgizarta, ya ce, "Duba, Tae-sik, motarka rawa take kamar surukarka ranar biki."

Ya kasance mai son barin dutsen nan, wannan kuwa mun sani, muka yi kamar ba mu sani ba. Likita ya ce sanyin nan zai kashe shi. Hye-rin ta shirya masa ɗaki a Busan, kusa da teku. Shekara huɗu yana cewa, "In na gama wannan motar zan tafi." Kafin ya gama, mun jera masa wata.

Ta ƙarshe tawa ce. Na ji tarinsa tun daga bakin titi, amma na shiga da ita. Na ce, "Yaya, ko in bari sai bazara?"

Ya ce, "Kai, rufa min baki. Da za ka bari, da ka kawo ta? Miƙo sifana."

Na miƙa masa. Bayan kwana biyu aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Hye-rin, kin taɓa tsayawa a ƙofar garejin nan kika ce mun ɗaure mahaifinki. Muka yi dariya. Gaskiya kika faɗa, ki yafe mana. Matar Yaya, ki bi 'yarki, kada ki tsaya don kowa a cikinmu. Mu za mu ci gaba da hawa da sauka har injinan su mutu, don ba mu iya komai ba sai wannan.

Mun gode da kuka hawo wannan hanya. Allah ya hutar da shi, ya buɗe masa ƙirji ya shaƙi iska son ransa. Amin.