Sunan Mahaifiya a Jerin Manazarta

A shagon buga takardu da ke bayan jami'a, wani magidanci da wata mata suna zaune a benci suna jiran layi ya zo kansu.

"Ke ma kundin digiri ne, baiwar Allah?" ya tambaye ta.

"Shi ne. Malamin da ke duba aikina ya sake dawo min da shi."

"Ni waƙafi ne ya hana ni sakat. In na sa malamina ya soke, in na cire ya mayar."

"Naka mai sauƙi ne, malam. Ni a kan matan da ke sana'a a cikin gida na yi rubutu, kuma rabin abin da ke ciki daga bakin mahaifiyata na ji shi. Na sa sunanta a jerin manazarta, mai duba aikin ya bi shi da jan biro."

"Ai ƙa'idar ke nan. Hirar baka ba ta shiga jerin, tunda mai karatu ba shi da inda zai je ya duba."

"Haka ya ce."

"To ki koma ki naɗi muryarta mana, a ajiye a ɗakin karatu. Kin ga ta shiga."

Matar ta gyara takardun da ke kan cinyarta.

"Na yi niyya. Kullum sai in ce bari in gama gyaran nan tukuna. Watan jiya ta rasu."

"Allah ya ji ƙanta," ya ce a hankali.

"Amin. Ina da kwamfuta a gida, malam. Na zo ne mai shago ya goge min layin sunanta, don ni na kasa."