Sirrina a Kan Gada

Assalamu alaikum Ustaz, da masu sauraro. Haruna ne daga wajen Wad Haddad.

Na kulle wayata da lambar sirri, ina ganin na gama tsaro. To, a ƙauyenmu shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kamawa sai a kan gada, can ma sai ka ɗaga murya. Ranar Talata na hau na kira likitana a Madani kan basir ɗin da nake ɓoyewa. Ashe masu tsinkar auduga suna hutawa a gindin gadar.

Kafin in isa gida, har an aiko mini da sassaƙe. A masallaci liman ya miƙo mini matashi, ya ce, "Zauna a hankali, Malam Haruna."

Ustaz, ka ba ni shawara: likita zan sauya ko gari? Ina gaida masu auduga, Allah ya ƙara ji.