Direban da Harsashi Bai Kashe Ba: Tunawa da Baba Enoch

Mai girma Hakimi, dagatai da masu unguwanni, limamai da fastoci, shugabannin ƙungiyar direbobi, Mama Helen uwargidan marigayi da 'ya'yanki Timothy da Gloria, jama'ar Kazage baki ɗaya, ina gaishe ku, ina kuma yi mana gaisuwar rashi.

Sunana Furera Sadisu. Shekara talatin na yi ina aikin jinya kafin na yi ritaya, shi ya sa kuka ce in yi magana da yawunmu. Ku gafarce ni idan maganar ta fito da zafi.

Baba Enoch ya kasance direban da muke buga wa ƙofa idan ciwo ya fi ƙarfin gida. Ya kasance mai shiga hanyar Gwaska a shekarun da sauran direbobi suka ajiye makulli saboda 'yan bindiga. Ya kasance ba ya tambayar mara lafiya masallaci yake zuwa ko coci. Ni kaina ya kai ni wajen masu naƙuda ya fi a ƙirga, yana tuƙi yana yi mini faɗa wai na cika nawa wajen haɗa jaka.

A kan wannan hanya aka harbe shi a ƙugu, da buhunan masarar mutane a bayan mota. Aka kai shi wani babban asibiti a birni, likitoci suka cire harsashin, aiki ya yi kyau. Muka yi murna a nan, har aka fara shara a ɗakinsa.

To, wanda aka yi wa irin wannan tiyata ba ya iya juya kansa. Dole a juya shi duk bayan awa biyu, a sauya masa zanin gado idan ya jiƙe, a duba bayansa da dugadugansa. In ba a yi ba, fata takan mutu a inda nauyin jiki ya danne ta, ta zama gyambo. Ɗalibin jinya a shekararsa ta farko ya san wannan.

Nas ɗaya ce a ɗaki mai gado kusan talatin. An gargaɗi Mama Helen kada ta motsa shi saboda ɗinki, ita kuwa ta bi umarni. A kwana na tara ta ji wari, ta kira ni. Da na je muka juya shi, na tarar da rami a gadon bayansa wanda dunƙulen hannuna zai shige. Ya ga fuskata ta sauya, sai ya ce, "Hajiya, faɗa mini gaskiya. Ni ba na ganin wurin."

Mako uku bayan nan cutar gyambon ta shiga jininsa. A takardar mutuwarsa aka rubuta raunin harbi. Na tambayi babbar nas ko majiyyata nawa suka yi irin wannan gyambo a bana, ta ce ba a ajiye wannan lissafin. Ta yaya za a gyara abin da aka ƙi rubutawa? Ana nuna mana sabon ɗakin tiyata da sabon fenti. Mu dai mun san in kana son sanin ingancin asibiti, ka ɗaga majiyyaci ka dubi bayansa.

Mama Helen, na ji kina cewa da kin sani da kin juya shi. Ki daina. Kin yi abin da masu farin kaya suka ce ki yi. Timothy, Gloria, ku riƙe mahaifiyarku da wannan magana.

Ranka ya daɗe, mun rubuta koke, muna roƙon ka sa hannu a kai shi gaba. Ku kuma jama'a, duk wanda ya je jinya, ya tambaya yaushe aka juya ɗan'uwansa, ko da za a harare shi.

Mun gode wa duk wanda ya biyo wannan hanya ya zo. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya kawo mana zaman lafiya a dajin nan, Ya sa waɗanda ke kwance a asibiti yau su sami hannun da zai juya su. Amin.