Fitilar da ta hana furen Iya Merle buɗewa

Shugaban ƙungiyarmu ta masu lambu, Malam Clive Harwood. 'Yan kwamitinsa masu sababbin takalman da ba su taɓa taka taki ba. Dattawan kwarin Huon. Da ku jama'a da kuka baro tsinkar tuffa kuka zo, ina gaishe ku duka. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake minti biyar aka yanka mini.

An tara mu ne don mu ɗaga hannu a karɓe makullin ɗakin gilashinmu na renon shuke-shuke daga hannun Iya Merle Direen. Wai ta tsufa, wai ta ruɗe, wai ita ta sa farin furen da take kai wa gidan tsofaffi kowace Ranar Iyaye Mata ya ƙi buɗewa bana. To, mu bi maganar daki-daki.

Na farko, a nan kudancin duniya lokacin kaka ya shigo tun Maris. Wa ya hau tsani ya wanke farar ƙasar da aka shafa wa gilashi saboda zafin Janairu? Wa ya tumɓuke tsohon tumatir, ya rage wa inabi ruwa, yake buɗe tagogi kowane hantsi don kada ganye ya yi fumfuna? Tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗaya. Kwamiti kuwa yana taro, yana shan shayi.

Na biyu, fitila. Fosam guda ɗaya, ɗan dabban nan mai yawon dare, ya shigo ya gutsuri latas, sai Shugaba ya je birnin Hobart ya sayo fitila mai kashe ido, ya kafa ta a kan furanni, ba a kashe ta har gari ya waye. Haba, jama'a! Duk wanda ya taɓa dasa furen nan ya san ba ya fitar da kai sai dare ya yi tsawo, ya sha duhu ya ƙoshi. A gabana Iya ta ce masa, "Clive, ɗan nan, kashe abin nan, za ka hana su barci." Ya yi dariya ya ce, "Iya, fure ai ba kaza ba ne." Yau ga tukwane ɗari biyu, ganye shar, babu ko tsiron fure ɗaya. Fosam ɗin kuma yana gode wa Shugaba, don yanzu yana ganin abincinsa sosai.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Shugaba, mahaifiyarka tana gidan tsofaffin nan, ɗaki na shida. Shekara tara ke nan duk Mayu tana nuna wa ma'aikata furenta, tana cewa, "Clive ɗina bai manta da ni ba." Iya Merle ce take rubuta sunanka a jikin katin. Ta roƙe ni kada in faɗa, ga shi na faɗa. Saura mako uku Ranar Iyaye Mata, kuma bana babu furen da za a kai mata. Sai ka je da ƙafarka ka gaya mata dalili.

Yanzu mai son ɗaga hannu ya ɗaga, mu ga fuskarsa.

Allah Ya raba shukarmu da raɓar ƙanƙara, Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.