Korar Rana Ta Biyu Daga Layinmu

Mai girma shugaban taro, Baba mai aski, wanda babu kan da bai sunkuya a gabansa ba a layin nan. Mai girma Injiniya, babban baƙonmu kuma tsohon abokin hamayyarmu. Wakilin masu dogon bene. Iyayenmu mata masu shaguna. 'Yan'uwana masu sana'ar hannu. Da ku 'yan kallo da kuka tsaya saboda kun hango kujeru, ina yi muku sallama ta girmamawa.

Ina miƙa godiya ga ƙungiyar 'yan kasuwar layin nan, wadda ta ɗora wa mai gyaran waya kamata wannan gagarumin nauyi. An ce an zaɓe ni ne saboda fasahar harshe. Masu hassada kuma sun ce saboda lasifikar tawa ce. Tarihi zai yi hukunci.

Batu na farko, jama'a. Al'ummomin duniya kaf rana ɗaya Allah ya ba su, mu kuwa shekara biyu da suka wuce aka ƙara mana ta biyu. An gina wancan bene mai hawa goma sha biyu a tsallaken titi, an lulluɓe shi da gilashi tun daga sama har ƙasa, muka yi ta tafi muna cewa ci gaba ya iso. Ashe daga ƙarfe biyu zuwa huɗu rana za ta bugi gilashin, gilashin ya tattaro ta ya juye mana a ƙofa. Takalman roba suka lanƙwashe a kan tebur. Tumatir ya dahu ba a sa shi a wuta ba. Baturan wayoyi suka kumbura a hannuna. Na'urorin sanyaya ɗakunansu kuwa, sanyin na ciki ne, hucin da ɗigar ruwan namu ne.

Batu na biyu, kuma a nan zan sauke murya. Shagon da hasken ya fi duka shi ne na Gwaggona mai ɗinki, wadda ta rene ni, wadda ta shekara talatin a kan kujera ɗaya. Idonta ya fara ruwa, har ta kai ba ta iya zura zare a allura. Wata rana na shiga na tarar ta naɗe kekenta da tsohon zani ta ɗaure da igiya, ta ce mini ƙarshen wata za ta bar sana'a. Ni kuwa na zare alƙalami, na rubuta wa masu benen wasiƙa biyar, kowacce ta fi 'yar'uwarta manyan kalmomi. A ta huɗu har na ambaci makomar bil'adama. Amsa ta zo cikin layi ɗaya, cewa gini ya cika ƙa'ida.

Batu na uku, nasara. Gwaggo ce ta ce mu ajiye alƙalami, mu gayyato Injiniyan da ya zana benen tattaunawa a shagonta, amma ƙarfe uku daidai. Ya zo da kwat ɗinsa da jakarsa. Ta tashi ta ba shi kujerarta, ta miƙa masa allura da zare, ta ce, "Ɗana, idona ya tsufa, zura mini wannan."

Jama'a, ni na riƙe agogo. Minti goma sha ɗaya bawan Allah yana fafatawa. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya kare fuska da jaka, gumi ya gangaro, hawaye ya biyo baya. Da ya ajiye allurar ya ce, "Mama, wallahi ban ga wannan a takarda ba." Ta ce masa ai shi ya sa ta ba shi kujera.

Ku ɗaga kai ku gani. Ga sassan katako an jera a fuskar benen suna karya haske. Ga tsirrai masu yaɗo suna hawa bango. Ga bishiya goma sha huɗu a bakin titi, kuma ruwan nan da yake ɗigo mana a ka, shi aka tara a bututu yake shayar da su. Injiniya bai ɓuya a bayan ƙa'ida ba, ya gyara, kuma su kansu na cikin benen sun shaida cewa ofisoshinsu sun yi sanyi. Ina kira ga duk mai zana gini a birnin nan, kafin ka ja layi, ka tsallaka titi, ka zauna inda maƙwabcinka yake zama, a lokacin da yake zama.

A ƙarshe, ina da izinin sanar da wannan taro mai albarka cewa Gwaggo ta fasa barin sana'a. Ba ta zo ba ne saboda aiki ya yi mata yawa. Ta aiko mini da saƙo mai girma, wanda zan karanta yadda ya zo: "Ka gaya wa wancan mai surutun ya taƙaita, kujerunsa sun tare mini ƙofa."

Don haka na taƙaita. Allah ya ƙara wa idonta haske irin wanda ba ya ƙuna. Allah ya raya bishiyoyin nan, ya ba Injiniya magada masu jin magana, ya sa albarka a kasuwarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Kowa kuma ya ɗauki kujerarsa.

Na gode.